Gidan raino mai kyamara ko wanda ma'aikatansa suka daɗe: ina zan kai yarana?

Tambayar ta fito ne daga wata uwa da hutun haihuwarta ya kusa ƙarewa. Tana da jaririya 'yar wata 4 da yaro ɗan shekara 3, ta kuma zagaya gidajen raino biyu. Na farkon sabon gini ne, kowane ɗaki da kyamarar da iyaye ke kallo ta waya, ga talabijin da ake kunna wa yara waƙoƙin harufa, an kuma yi mata alkawarin ɗanta zai fara rubutu kafin zango ya ƙare. Na biyun fentinsa ya koɗe, kayan wasansa ba yawa, sai dai matan da ke aiki a wurin sun daɗe. Tana so ta san wanne ya fi aminci, tana kuma tsoron in ta zaɓi na biyu a bar ɗanta a baya.

'Yar'uwa, Allah ya raya miki su. Aikina horar da masu raino ne da duba wuraren da ake ajiye yara, kuma cikin duk abin da kika lissafo, guda ɗaya ne ya yi nauyi a wurina, wato daɗewar ma'aikata. Abin da ke tsare yaro a gidan raino shi ne kuma ke gina ƙwaƙwalwarsa: babban mutum wanda idonsa ke kansa, hannunsa ke iya kaiwa gare shi, ya kuma san halinsa. Kyamara abin da ya riga ya faru take nunawa. Ba ta juya jaririn da ya kife, ba ta ciro abin da ya maƙale wa yaro a maƙogwaro.

Ki koma wuraren biyu ki yi ƙirga. A Ingila doka ta ce mai raino ɗaya ba za ta riƙe yara sama da 3 ba in ba su kai shekara 2 ba. 'Yan shekara 2 a da huɗu ne, a 2023 aka sassauta zuwa biyar, kuma masu aikin da yawa ba su ji daɗin hakan ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ita ma uku ta ce ga jarirai, ta ƙara da cewa kada ɗakin ya wuce jarirai 6, sannan 'yan shekara 3 kada su wuce bakwai a hannun mutum ɗaya. Kowace ƙasa da dokarta, wasu ma ba su da ita, amma dalilin ɗaya ne a ko'ina. Shayar da jariri ɗaya da fida yakan ci minti goma sha biyar ko ashirin. In mace ɗaya na da jarirai shida, kafin ta gama da na ƙarshe na farko ya sake jin yunwa, ga canjin nafkin, ga mai kuka. Abin da za ta yi kenan, komai kirkinta, ta dogara fidar da filo a bakin jariri ta juya ga wani. A haka jarirai ke shaƙewa. Ba mugunta ba ce, hannu biyu gare ta.

Kada ki yi ƙirgar ranar da suka san za ki zo. Ki faɗo musu lokacin abincin rana, ko da yamma lis sa'ad da wasu ma'aikata suka fara tashi. Ki cire shugabar da ke zaune a ofis, ki cire mai girki da mai gadi, ki ƙirga waɗanda ke cikin ɗakin tare da yaran kawai. Sai ki tambaya, in wannan ta zaga bayi, wa ke tsayawa? Wurin da ya hana ki shiga ba sanarwa, ya riga ya ba ki amsa.

Tambaya ta biyu: wace ce za ta riƙe 'yata? Suna kike so ki ji, ba "dukkanmu" ba. Jaririyar da mace ɗaya ke riƙewa kullum, wannan matar za ta gane kukan yunwarta da na barci, za ta kuma lura ranar da jikinta ya yi sanyi ba kamar yadda ta saba ba. Sabuwar ma'aikaciya ba ta da abin da za ta gwada da shi. Shi ya sa nake wa masu gidajen raino tambayar da ba sa so, ko ana biyan albashi a kan kari. Inda ba a biya, ma'aikata ba sa zama, yaro kuwa duk bayan wata biyu sai ya fara sabo daga farko.

Sai dai daɗewa ma tana da nata haɗarin, kuma a kan barcin jaririyarki zai bayyana. Akwai mutuwar fuju'a da ke ɗaukar jarirai masu lafiya cikin barci. Ta fi yawa tsakanin wata 2 zuwa 4, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari kafin wata 6 take faruwa, wato 'yarki tana cikin lokacin. Tun da aka fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a Amurka a 1994, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Wani bincike da aka buga can a 2000 ya gano kusan ɗaya cikin biyar na waɗannan mace-mace a hannun masu raino suka faru, ba a hannun iyaye ba, kuma da yawa a makon farko na kai yaron. Babban dalili shi ne jaririn da ya saba kwanciya rigingine a gida, in aka kwantar da shi rub da ciki a wani wuri, haɗarinsa ya fi na wanda ya saba da hakan nesa ba kusa ba, don bai iya ɗaga kai ya kauda hanci daga katifa ba.

Tsofaffin masu raino da yawa za su ce miki rub da ciki ya fi, wai jariri ya fi daɗewa yana barci, kuma in ya yi tumbuɗi a rigingine zai shaƙe. Na farkon gaskiya ne, kuma nauyin barcin nan shi ne matsalar. Na biyun kuskure ne. In jariri yana rigingine, hanyar iska tana sama, hanyar abinci tana ƙasa, don haka abin da ya taso komawa ciki yake yi. Ki leƙa ɗakin barcin da idonki. Kowane jariri da gadonsa, katifa mai tauri a shimfiɗe, babu filo, babu bargo mai kauri, babu 'yar tsana, babu hula a kai. Wanda barci ya ɗauke a lilo ko a kujerar mota a mai da shi gado. Mutum kuma ya kasance a cikin ɗakin, ba a bakin allon kyamara ba. Ranar da jaririya ta iya juyawa gaba da baya da kanta, a ci gaba da kwantar da ita rigingine, in ta juya a bar ta.

Ki kuma tambaya yadda suke yi da yaron da ya ƙi barci. Akwai wuraren da ake ɗura wa yara maganin mura ko na tari mai sa maye don a huta, kuma ya kashe jarirai. In kin shiga kika ga jarirai duka sun yi barci lokaci guda kamar an yi ruwa an ɗauke, ko kina ɗauko taki kullum a galabaice ta kasa kama nono, kada ki yi shiru. Ƙa'ida ita ce ba a ba yaro kowane irin magani sai da rubutaccen izinin iyaye.

Daga nan ki yi abin da nakan sa ɗalibaina su yi: ki durƙusa a tsakiyar ɗakin, ki kalle shi daga tsayin mai rarrafe. Abin da za ki gani daban ne. Soket a buɗe, igiyar labule tana lilo, kabad ɗin da ba a kafe a bango ba, jarkar maganin goge ƙasa a bayan ƙofa, ɗan duwatsun da ya tsinke daga wuyan wata yarinya ya gangara ƙarƙashin kujera. Wannan na ƙarshen shi ya sa ba a haɗa jarirai da 'yan shekara uku a ɗaki ɗaya, abin wasan babba shi ne abin shaƙewar ƙarami. Ki sa ido musamman a kan ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli da ke cikin rimot da kayan wasa masu ƙara. In ya maƙale a maƙoshin yaro, cikin awa 2 yana iya ƙona shi har ya huda, kuma yaron na iya zama kamar ba komai a farko.

Yaron da abu ya toshe wa numfashi ba ya kuka, ba ya tari, shiru yake yi. Don haka yara su ci abinci a zaune, babba yana fuskantarsu, a kuma yayyanka duk abin da ke da zagaye ko tauri. Ki roƙi wadda za ta riƙe 'yarki ta nuna miki da 'yar tsana abin da za ta yi in jaririya ta shaƙe. Wadda aka horar za ta kifa ta a kan hannunta, kai ya yi ƙasa, ta bubbuga tsakanin kafaɗu sau 5, ta juyo ta ta danna tsakiyar ƙirji sau 5, ta maimaita. In ta ce za ta zura yatsa ta lalubo, ba ta sani ba, turawa ciki za ta ƙara yi.

Ruwa ma haka yake kisa, ba ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ke mutuwa a ruwa duk shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ba sai kogi ba. Kan yaro mai tatata yana da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, in ya leƙa bokitin wanki ya faɗa da ka, ba zai iya tasowa ba, ko da ruwan bai wuce tsawon yatsa ba. A Bangaladesh, inda ruwa ke kan gaba wajen kashe ƙananan yara, an lura mafi yawa tsakanin ƙarfe 9 na safe da 1 na rana abin ke faruwa, sa'ad da iyaye mata ke tsaka da aiki. Sai aka buɗe ƙananan gidajen raino a ƙauyuka, mace ɗaya da mataimakiyarta suna tara yara a ɗaki ɗaya na waɗannan awanni. Mutuwa a ruwa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari a tsakanin yaran da ke zuwa, har a 2021 Hukumar ta sa gidan raino cikin hanyoyin da take ba ƙasashe shawarar bi. Waɗannan ɗakuna ba su da komai na alatu, ido ne kawai da ƙofa.

Ƙofar ma ki duba ta. A ranar 5 ga Yuni, 2009, wuta ta tashi a wani sito da ke manne da gidan raino a birnin Hermosillo na ƙasar Meziko, lokacin yara na barcin rana. Hanyoyin fita ba su wadatar ba, sai da wani mutum ya fasa bango da motarsa aka riƙa ciro yara. Yara 49 suka rasu. Ki nemi ƙofar fita ta biyu, ki murɗa ta da hannunki ki ga tana buɗewa, ki tambaya yaushe suka gwada fitar da yara na ƙarshe, kuma yaya ake fitar da jariran da ba sa tafiya. Ki ga rajistar shiga da fita, ki ji ko za su miƙa yaro ga wanda ya zo ya ce shi kawunsa ne. In suna da motar ɗaukar yara, a riƙa ƙirga kai wajen hawa da sauka, a leƙa kujerar baya, don jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar.

A maganar cin zarafi ne kyamara ke da ɗan amfani, in ana adana abin da ta ɗauka. Amma ki tuna duk mai lambar shiga yana kallon 'yarki ana canza mata nafkin, kuma mai mugun nufi ya san kusurwar da kyamara ba ta kaiwa. Abin da ya fi ta shi ne tsarin da ba ya barin babba ɗaya ya kulle ƙofa da yaro, ƙofofi masu gilashi, da binciken tarihin kowa, har direba da mai gadi da 'yan'uwan mai gidan da ke shige da fice. Ki tambaye su, in yaro ya ciji wani, me kuke yi? Cizo abu ne da 'yan shekara biyu ke yi saboda bakinsu bai kai fushinsu ba. Amsa mai kyau ita ce a raba su, a rarrashi wanda aka ciza, a gaya wa mai cizon a taƙaice ba a yi, a kuma gano abin da ke tunzura shi. In kin ji bulala, ko kullewa a ɗaki, ko hana abinci, ki tashi. Wadda ta saba kai hannu ga ɗan shekara uku, ranar da jaririya ta ishe ta da kuka tana iya jijjiga ta, jijjigar 'yan daƙiƙu kuwa tana zubar da jini a ƙwaƙwalwa. Ƙujewa a gwiwa ko goshi ga yaro mai gudu ba abin tsoro ba ne. Tabo a kunne, wuya, ciki ko baya, ko kowane irin tabo a jikin jaririyar da ko rarrafe ba ta fara ba, wannan na likita ne a ranar. Shi kuma babban ki koya masa sunayen gaɓoɓinsa, ki gaya masa babu babban da zai ce ya ɓoye miki wani abu.

Rashin lafiya ba zan daɗe a kai ba. Za su yi mura fiye da da a shekarar farko, wannan ba laifin kowa ba ne. Ki dai ga sabulu da ruwa kusa da wurin canza nafkin, wurin kuma ya yi nesa da inda ake haɗa abinci. In sun nemi katin rigakafi ki yi murna. Ƙyanda tana kama kusan 9 cikin 10 na marasa rigakafin da suka zauna da mai ita, tana kuma daɗewa a iskar ɗaki har awa 2. 'Yarki ba za a yi mata allurar ba sai ta kai wata 9 ko 12, gwargwadon tsarin ƙasa, kafin nan rigakafin sauran yaran ne garkuwarta.

Yanzu tsoronki na a bar ɗanki a baya. Ki tsaya ki kalli canjin nafkin guda ɗaya a kowane wuri. Wata za ta ɗauko jaririya ta baya ba magana, ta goge, ta naɗe, ta ajiye, idonta na kan waya ko kan abokiyar aikinta. Wata za ta durƙuso ta gaba ta kira sunanta, ta ce zo mu canza, ruwan da ɗan sanyi ko? Jaririyar ta yi gwaranci, matar ta dakata kamar an gaya mata magana, ta amsa, jaririyar ta wuntsila ƙafa ta sake. Minti uku ne duka biyun. Ta biyun ta koyar da darasin da ya fi kowane muhimmanci a wannan shekarun, cewa in na yi sauti ana amsa mini. Masana a jami'ar Harvard sun ƙiyasta ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana ƙulla sababbin mahaɗai sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma irin wannan ba-ni-in-ba-ka ne ke tantance waɗanda za su ɗore.

Talabijin ba ya amsawa. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a jami'ar Washington sun sa jarirai 'yan wata 9 da ba su taɓa jin Sinanci ba su zauna da mai jin harshen sau 12. Jariran suka iya bambance sautukan harshen. Wasu jariran aka nuna musu mutanen nan a bidiyo suna faɗin abu ɗaya, ba su koyi komai ba. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a ajiye 'yan ƙasa da shekara 2 a gaban allo, 'yan 2 zuwa 4 kada su wuce awa ɗaya a yini, su samu aƙalla minti 180 na motsa jiki, kuma kada a ɗaure yaro a kujera sama da awa guda a jere. Jaririya kamar taki tana bukatar aƙalla minti 30 a yini tana rub da ciki a farke, ana kallonta, don wuya da kafaɗa su yi ƙwari.

Alkawarin rubutu a zango ɗaya bai burge ni ba. Ana iya tilasta wa ɗan shekara 3 ya kwafi harafi, amma yatsunsa ba su gama ƙwari ba, kuma abin da zai ɗauke shi a makaranta nan gaba yawan kalmominsa ne, da iya sauraron labari, da jiran layi, da haƙuri in abin da ya gina ya rushe. A wasa ake samun waɗannan. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, wasu aka riƙa kai musu ziyara mako-mako na shekara biyu ana koya wa iyayensu wasa da hira da su, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, abin da waɗannan ke samu a wurin aiki ya fi na waɗanda ba a yi wa ziyarar ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Don haka ƙarancin kayan wasa bai dame ni ba, in akwai littattafan hoto da suka sha hannu, da kwalaye, da fili a waje. Ɗakin 'yan shekara uku mai kyau yana da hayaniya. In kin tarar da su a jere tsit, kowa da fensir, ki tambayi kanki me ya sa su shiru. Ki kuma kwantar da hankalinki da wannan: babban binciken da aka fara a Amurka a 1991 kan yara 1,364 ya nuna ingancin gidan raino yana da tasiri, amma tasirin gida ya fi shi.

Ko wanne kika zaɓa, ki fara kai su kafin hutunki ya ƙare, kwanakin farko ki zauna tare da su, sannan ki riƙa barin su na awa ɗaya ko biyu. Kada ki sulale, ki yi sallama ki tafi. Jaririyar za ta fi sauƙi don ƙiwa sai wajen wata 6 zuwa 8 take farawa. Babban zai yi kuka, kuma kukan rabuwa ba ma'auni ba ne. Ma'aunin shi ne bayan 'yan makonni, in ya faɗi ya ji ciwo, wurin mai rainonsa yake gudu ko kuwa rakuɓewa yake yi.

Da abin da kika faɗa kaɗai, na fi karkata ga na biyu. In kin je kika tarar matsalarsu kwanciyar rub da ciki ce ko filo a gado, wannan ana gyara shi a yini guda: ki yi magana da shugabar, a rubuta a manna a gadon 'yarki, ki riƙa faɗowa lokacin barci kina dubawa. In kuwa jarirai sun fi ƙarfin hannu, ko ƙofar fita ɗaya ce, ko ana duka, daɗewar ma'aikata ba za ta rufe wannan ba. Ki auna na farkon da ma'auni ɗaya, in shi ma ya gaza ki nemi na uku.